Kwalbar Isuhu

Jidda ce ta fara koya mini cewa yawan salati ba shi ne gaskiya ba. Mutumin da ya tarbe mu a filin jirgi Bahaushe ne ɗan'uwanmu, jallabiyarsa fara sol, carbi a hannu, bakinsa ba ya hutawa da ambaton Annabi. Mu bakwai ne muka shigo da bizar umara, kowa da niyyar zama neman aiki. Ya tattara fasfunanmu, ya ce zai kai a yi mana iƙama, wato takardar zama, kafin mako ya zagayo kowa ya kama aiki. Ya zuba mu a unguwar Karantina, a wani ɗaki mai fanka ɗaya wadda ba ta juyawa, ya yi mana doguwar addu'a har muna share hawaye, ya fita. Rabona da shi ke nan. In yana raye Allah ya shirye shi, in kuwa ya mutu to ya riga ni sanin abin da ya tarar.

Farkon shekarun tamanin ne, lokacin da duk inda ka waiwaya a Saudiyya gini ake yi. Aiki kamar ƙasa, amma ba na marar takarda ba. Wata huɗu na yi ina dako a kasuwa, ina kwana a kan soron wani Bayamale da ya tausaya mana. Da zarar an ce ga 'yan jawazat, masu kamen marasa takarda, sai kowa ya yar da kayan mutane ya ranta a na kare. Na taɓa yini a cikin durom ɗin shara, mai shagon da ke gefe yana miƙo mini ruwa ta ƙarƙashin murfi, bai san ko sunana ba.

Wata rana da hantsi ina ɗauke da buhun shinkafa, sai na ji an ƙwala kira daga cikin wata babbar mota.

"Hanci! Kai, Hanci na Bukuru!"

Saura kaɗan buhun ya suɓuce mini. Na ƙetare teku don kada in sake jin sunan nan, ga shi ya same ni a tsakiyar kasuwar Jidda.

Ainihin sunana Garba. A barikin kuza na Bukuru na tashi, kuma shekara tara na yi a gindin durom ɗin wani tsoho mai suna Dogara, wanda ke dafa barasa a bayan gari. Ba burkutu ba, mai ƙarfin, fara kamar ruwa, wadda tururinta ke bi ta bututun tagulla yana ɗiga a kwalba. Dogara yana da gangunan katako uku da ya saya a hannun kukun wani Bature. In ya zuba farar a ciki ta yi wata shida sai ta fito ja-ja, akawuna su saya suna taƙama wiski suke sha. Amma kafin ta shiga ganga sai an tantance ta, domin ganga tana gyara launi da ɗanɗano ne kawai, ba ta cire guba. Abin da ya fara ɗigowa kai muke ce masa, warinsa mai tsini ne irin na fenti, yana soka hanci har ido ya kawo ruwa, kuma zubar da shi ake yi. Sai tsakiya, ita ake so, ƙanshinta a kwance yake. Sai wutsiya mai warin jiƙaƙƙen buhu. Wasu girgiza kwalba suke yi su duba kumfa, wasu su kunna wuta a cokali su duba launin harshenta. Ni ɗigo biyu nake murzawa a tafin hannu, in kai hanci, in ce a canja kwalba. Daga nan sunan ya samo asali, kuma Allah ya yafe mini, na yi alfahari da shi ba kaɗan ba.

Mahaifiyata ce ta raba ni da sana'ar, ba tare da ta buɗe baki ba. Duk zanin da na saya mata sai ta karɓa, ta sa albarka, ta jefa a adaka. Da ta rasu aka buɗe adakar, aka tarar da su a jere, ko ninkin ɗaya ba a warware ba. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Bayan sadakar arba'in na sayar da kekena da gonar gado, na nufi gabas.

Mai kiran nan kuwa Isuhu ne, direban da ke kwashe mana jarkoki zuwa Jos, kuma babban mai sayenmu. Ya girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce masa. Ya diro daga mota ya rungume ni da buhun da komai, yana dariyar nan tasa da ake ji daga nesa.

"Dubi yadda ka koma! Wuya kamar mariƙin lema. Me kake yi a nan?"

Na ba shi labari a taƙaice, na kuma roƙe shi don girman Allah ya bar kirana da wancan suna. Ya dube ni ya daina dariya.

"To, Garba. Ajiye musu buhunsu. Jidda ba wurin marar takarda ba ce, hau mu tafi Madina."

Rodi ya ɗauko na wani kamfanin gini da yake wa tuƙi. Ya ba ni tsohuwar rigarsa ta aiki mai tambarin kamfanin, ya shafa mini baƙin mai a fuska, duk shingen da muka zo sai ya nuna ni da haɓa ya ce karen motarsa ne. A hanya ya tsaya ya saya mini tamis, gurasar nan mai faɗi, da dafaffen wake mai man zaitun, ya zauna yana kallona ina ci, shi bai taɓa ba, wai ya ƙoshi. Daga baya na gane abincinsa na ranar ne ya ba ni.

Da la'asar muka hango Madina. Ba zan iya faɗin abin da na ji ba sa'ad da koriyar ƙubbar nan ta bayyana, na dai san na jiƙe gaban rigar Isuhu da hawaye. Da muka shiga masallaci muka yi sallama ga Manzon Allah, sai na ɗaga hannu na yi alkawari a fili, Isuhu yana gefena yana ji. Na ce hannuna ba zai sake taɓa kwalbar barasa ba, hancina ba zai sake yi mata hukunci ba, bakina ba zai sake cewa wannan mai kyau ce wannan marar kyau ba, har in koma ga Allah. Isuhu ya shafa tare da ni.

"Allah ya ba ka iko," in ji shi. "Ni ƙarfina bai kai nan ba tukuna, amma ka riƙa sa ni a addu'a."

Shi a sansanin kamfani yake kwana, can bayan kwarin Aƙiƙ, wajen iyakar harami, inda ma'aikatan da ba Musulmi ba suke zama. Ba a shiga sai da katin aiki. Don haka ya kai ni unguwar Bani Harisa wurin wani dattijo da yake kai wa taki, ana ce masa Ammu Usman.

Ammu Usman baƙi ne siriri mai farin gemu, haifaffen Madina, ɗan ƙasa da takardunsa. Kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Katsina, shekara bakwai a hanya, ya zo ya ƙi komawa. Shi bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma yana jin Hausa, irin ta tsofaffi, rabinta Larabci. 'Ya'yansa duk ma'aikatan ofis ne, in ka yi musu Hausa su gane sarai su amsa maka da Larabci. Babu mai sha'awar lambun uban a cikinsu.

"Esh ismak, ya waladi? Wane suna naka?"

"Garba, Baba."

"Abubakar ke nan. Tayyib. Kana salla?"

"Ina yi."

"Kana sata?"

"Ba na yi."

"Khalas. Ga ɗaki can, ga shugul, aiki ke nan. Waraga kuma, takardar zama, Allah karim, za mu gani."

Lambun dabino ne da na'ana'a, amma abin da ya fi ji da shi wardi ne. Bayan sallar asuba muke tsinke furen kafin rana ta taɓa shi, mu cika kwanduna. Ranar farko na ɗauko kwando na bi shi wani ɗaki a ƙarshen lambun, ya tura ƙofa, sai na tsaya cak. Ga tukunyar tagulla a kan murhu, ga murfi da ake liƙewa da kwaɓaɓɓen gari, ga bututu ya ratsa ta randar ruwan sanyi, ga kwalba a ƙasa tana jiran ɗigo. Na gudo tun daga Bukuru, ashe durom ɗin Dogara ya riga ni isowa, ya yi wanka ya sake riga. Ruwan wardi Ammu ke dafawa, wanda ake ɗigawa a shayi da ruwan sha, ake kuma yayyafa wa baƙi a hannu. Na yi ta maimaita wa kaina cewa wannan halal ne, amma sai da na yi kwana biyu ba na iya kallon bututun.

Shi ma kashi-kashi yake fitowa. Na farko mai ƙarfi arusa suke ce masa, amarya ke nan, shi ne mai daraja. Na ƙarshe mai rauni sayir. In aka bari sayir ta zubo a kan arusa, an ɓata kwalba guda. Kuma sabon ruwa ba a sayar da shi, yana da warin tukunya da hayaƙi, sai an ajiye shi kwana arba'in a ɗaki mai duhu da sanyi ya kwanta. Gwanintar ita ce ka gane tun yana sabo, ta bayan warin hayaƙin, wanda zai yi kyau da wanda ba zai yi ba.

Rana ta uku ina tura itace, ban san sa'ad da bakina ya suɓuce ba.

"Baba, a canja kwalba."

"Lissa, da saura," in ji shi. Ya tara yatsa ya shinshina, ya girgiza kai. Tsufa ya riga ya cinye masa hanci, bai dai yarda ba ne. Ya ƙwala wa matarsa kira. Hajja Zainabu ta zo tana gyara mayafi, ta shinshina sau ɗaya.

"Yaron ya fi ka gaskiya, ya Abu Muhammad. Sayir ta fara."

Ammu ya canja kwalbar, sannan ya juyo ya dube ni.

"A ina ka koya?"

"A gida, Baba."

"Bilad Hausa ana wardi?"

"Ana dafa wasu abubuwan."

"Tayyib," ya ce, ya ci gaba da aikinsa. Bai sake tambayata ba, kuma a duk alherin da aka yi mini a ƙasar nan ban ga kamar wannan shirun ba.

Daga ranar hukuncin kwalabe ya dawo hannuna. Ni ke cewa wannan ta shiga ɗakin ajiya a matsayin arusa, wannan a mayar da ita tukunya. Masu shaguna a kusa da harami suka fara tambayar ruwan Ammu Usman da suna. Ya sa aka yi mini sabon fasfo, ya shiga zirga-zirgar ofisoshi don ya zama kafilina, wato mai tsaya mini in sami iƙama.

Kewar gida kuwa ba ta bar ni ba. Ni ɗan Jos ne, na saba da sanyi da ruwan sama mai yini yana zuba. A Madina sai in tsaya ina ban-ruwa, in tsuguna ina shaƙar ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar mahaukaci. Hajja ta taɓa kama ni a haka. Da azahar sai ga tuwo da miyar kuka har da daddawa, daga ɗan abin da alhazai suka kawo mata take ɓoyo.

"Ci, ya miskin," ta ce. "Idonka ya faɗa."

Na ci ina kuka, tana tsaye tana yi mini faɗa wai gishirin miyar ya isa.

Shekara biyu na yi a haka, kuma dole in faɗi gaskiya a kan abin da na zama. Na tsayar da gemu, ba na rasa sahun farko, burina ɗaya in mutu a Madina a binne ni a Baƙi'a. Wannan duk alheri ne. Amma tuban jiya-jiya, in ka ga irin kallon da nake wa mai shan taba sai ka rantse ni na gina masallacin. Na fara jin nauyin a gan ni da Isuhu, mutumin da ya tsamo ni daga kasuwar Jidda.

Duk Juma'a bayan an sauko yakan zo, ya ajiye mota a bayan katangar lambu, mu zauna a ciki mu saurari kaset ɗin da ake aiko masa daga gida ta hannun matafiya. Matarsa ta yi magana, ƙaninsa ya yi, sannan 'yarsa Ladi ta karɓa ta yi ta zuba, tana lissafa masa abin da zai sayo mata. Wata Juma'a muka sa sabon kaset, sai muryar ƙanin kaɗai, yana ta kewaye-kewaye da gaisuwa. Ƙyanda ta shiga unguwarsu, Ladi ta kwana shida ta cika. Isuhu ya nemi kamfani su ba shi fasfonsa ya je ya dawo, suka ce sai kwangila ta ƙare.

Da ma yana ɗan taɓa barasa jefi-jefi, daga nan sai ya koma gadan-gadan. A sansaninsu akwai baƙin ma'aikata da ke dafa wata a ɓoye da sukari da dabino, suna ce mata sadiƙi, su jefa mata gutsattsarin katako ta yi launi. Na sani, don ina jin ta a numfashinsa ko ya tauna na'ana'a. Abin da na iya yi masa kawai wa'azi ne, shi kuwa ya yi ta gyaɗa kai yana kallon sitiyari.

Sai Juma'ar da ba na mantawa. Rana tsaka, Ammu yana cikin lambu yana kishingiɗe, tsakaninmu da shi katanga ce kawai. Isuhu bai sa kaset ba. Ya sauko, ya zaro wani abu daga bayan kujera a naɗe cikin tsumman mai, ya waiwaya hagu da dama.

"Garba, taimako za ka yi mini. Mai dafa mana ya koma ƙasarsu. Wani sabo ne ya karɓa, bai san kansa ba balle tukunya. Jarka biyu ya tara, wai za a zuba katako a ajiye, amma ka san mutanenmu, ba mai jira. Jikina bai ba ni ba. Ban ce ka sha ba, hanci kawai za ka kai."

Kafin in yi magana ya murɗe murfin.

Taku uku ne tsakaninmu, kuma iska daga wajensa take busowa. Ban matsa ba, ban sunkuya ba, warin ne ya zo ya same ni. Ɗigon farkon nan ne da muke ce wa kai, tsantsarsa, ba a zubar da ko ɗigo ba, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani abu da ba daga dabino ya fito ba, irin sibirton da kafintoci ke goge katako da shi, an ƙara don ta yi yawa. Idona ya kawo ruwa nan take. Ko Dogara da son abin duniyarsa ba zai ba kare wannan ba. Na sani kamar yadda na san sunana.

Ga abin da na ce masa: "Yaya, wannan ƙazantar ka shigo da ita cikin harami? Ranar Juma'a? Haramun ce, ka zubar."

"Na san haramun ce tun kana cikin tsumma," in ji shi a hankali. "Ba fatawa na zo nema ba. In ka ce mini guba ce, wallahi a gabanka zan tuttular, in koma in tuttular da jarkokin ko za su kashe ni. In kuwa haramun ce kawai, wannan tsakanina da Ubangijina ne."

"Na yi alkawari a gaban Manzon Allah. Kana wurin."

"Ina wurin. Kalma ɗaya nake roƙo."

Na sha juya wannan lokacin a raina, kuma ba zan yi wa kaina ado ba. Na ce a zuciyata in na ce wannan marar kyau ce, to na yarda akwai mai kyau ke nan, mako mai zuwa ya kawo wata, na koma Hanci. Wannan ita ce hujjar da na riƙe. Amma akwai tsoro a ciki, kada Ammu ya leƙo ya gan ni a kan kwalba ga iƙamata ta kusa fitowa. Akwai kuma wanda ya fi muni: na ji daɗin tsayuwata a wurin, ni mai tsarki shi mai datti. Har na ce a raina in ta ɗan murɗa masa ciki ya yi amai kwana biyu, wataƙila ya hankalta.

"Ba ni da abin cewa a kanta," na ce, na juya fuska.

Ya mayar da murfin, ya naɗe ta a tsumman.

"Allah ya bar ka da tsarkinka, Malam Garba."

Bai taɓa ce mini malam ba sai ranar. Ya hau mota ya tafi, ni kuma na koma na yi alwala, wai don warin ya taɓa ni.

Ranar Litinin da hantsi motar Isuhu ta tsaya a bayan katanga, amma wani Basudane ne ya sauko daga ciki. Ya ce abokinka yana asibiti. Su biyar suka sha ranar Asabar. Da ciwon ya kama su sai suka kulle kansu a ɗaki yini guda da rabi, suna tsoron bulala da kora, har sai da aka ɓalle ƙofar. Biyu sun mutu, baƙi ne, ban san ko sunayensu ba, amma suna da iyaye a wata ƙasa. Isuhu ya rayu.

Na same shi a kwance, idanunsa a buɗe tar, lafiyayyu a gani, suna kallon silin. Na tsaya kusa da shi ban yi sallama ba. Sai ya juyo da kai.

"Garba ne? Na ji ƙanshin wardi." Ya yi ɗan murmushi. "Likita ya ce jijiyar ta ƙone. Ba dare ba rana, duk ɗaya."

Na durƙusa a bakin gadon na kama hannunsa.

"Ka ga abin da ƙin jin magana ya jawo mini," ya ce. "Ka ce in zubar, na ƙi. Kai dai ka fita, ka yi abin da ya dace."

Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Na fito daga asibitin ina tafiya ina karo da mutane.

Da na koma na tarar da Ammu a ɗakin tukunya. Na zauna a ƙasa na fara kwashe labarina ina gaya masa, tun daga Dogara.

"Wannan na sani tun rana ta uku," in ji shi. "Wanda ya san inda arusa ke ƙarewa ba a makarantar allo ya koya ba. Ma'alesh, abin da ya wuce Allah gafurun rahim."

Sai na gaya masa abin da ya faru ranar Juma'a, har da abin da hancina ya ji. Ya ajiye itacen da ke hannunsa. Tukunya tana ta ɗiga.

"Wanda ka yi alkawarin a gabansa," ya ce, "kana zaton zai so ka bar mutum ya sha guba don hancinka ya zauna da alwala? Kilma wahda, ya waladi. Kalma ɗaya. In ba za ka iya faɗi ba, me ya hana ka fizge kwalbar ka fasa?"

Wallahi har ya faɗa, fasa kwalbar bai taɓa zo mini a rai ba. Na yi alkawarin ba zan taɓa ta ba, sai na tsaya ina gadin hannuna.

Bai kore ni ba. Ya ce in zauna in yi ta istigfari, iƙama ta kusa. Amma kamfani ya sallami Isuhu. Abin da ya gudana tsakaninsu da hukuma ban sani ba, an dai buga masa fita ba dawowa, kuma ana neman wanda zai riƙe shi har gida. Ba shi da kowa a ƙasar sai ni. Na san wanda ya zauna shekara biyu ba takarda in ya miƙa kansa ya fita, ƙofar ta rufe ke nan. Na ce wa Ammu zan tafi. Ya yi ta faɗa da Larabci, sannan ya share ido da gefen rawaninsa, ya koma ofisoshin da ya yi ta bi don in zauna, yana roƙo a bar ni in fita jirgi ɗaya da makaho. Hajja ta ba ni kwalbar arusa guda, ta ce in riƙa ɗiga wa Isuhu a ido, ba ya warkarwa amma yana sanyaya.

Ranar tafiya da safe na kai shi masallaci mu yi bankwana. Hannunsa na dama a kafaɗata, ya sakar mini nauyinsa duka, ina gaya masa ga matakala, ga ginshiƙi. Muka yi sallama ga Manzon Allah, ya ce in juya shi ya fuskanci wurin sosai. Da muka fito farfajiya na hango katangar Baƙi'a, sai kuka ya ƙwace mini. Ya ji kafaɗata tana rawa.

"Haba Garba, bar kukan nan. Ka bar Madina saboda ni, me ya rage kuma? Ba ka da laifi ko na ƙwayar zarra. Shekara nawa rabonka da barasa, ko ka shinshina wa ya san za ka gane?"

Da na yi shiru da shi ke nan, zai riƙe ni a matsayin mutumin kirki har ya mutu. Amma a wurin nan na yi alkawarin da na ɓuya a bayansa, ban iya ƙara ƙarya a kai ba.

"Yaya, na ji."

"Ka ji me?"

"Tun da ka buɗe murfin warin ya iso ni. Na san guba ce. Na sani sarai, na yi shiru."

Na ji yatsunsa sun saki rigata ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauke hannun. Ya juya ya yi taku biyu shi kaɗai, ba ta wajen da motar da ke jiranmu take ba, ya yi karo da wani Baturke, mutumin ya ba shi haƙuri ya wuce. Ya sake taku ɗaya ya tsaya. Jama'a suna ta ratsawa ta gabansa da bayansa, shi yana tsaye da buɗaɗɗun idanu. Ban matsa ba, don ba ni da bakin kiransa.

Can sai ya ɗaga hannu yana lalube a iska. Na je na sa kafaɗata a ƙarƙashinsa.

"Ina motar take?" ya ce.

"Tana gaba, Yaya."

Yatsu biyu kawai ya ɗora, iya abin da zai hana shi faɗuwa. A haka muka bar Madina.